Jawabin caji ofis: wa ya faɗa, wa ya rubuta, wa ya gani?

Mutum ya shiga hannun 'yan sanda a Delhi, ya ce "ni na kashe shi", aka rubuta. A kotun Indiya wannan magana ba ta da kimar ko anini, domin doka ta hana a kafa hujja da iƙirarin da aka yi a gaban ɗan sanda. Wani ya faɗi irinta a Tokyo, shari'arsa ta kusa ƙarewa tun ba a je gaban alƙali ba. A Chicago ɗan sanda yana iya shirga wa baligi ƙarya, ya ce abokinsa ya riga ya tona komai, kotu kuma ta karɓi abin da ƙaryar ta haifar. A Frankfurt wannan ƙaryar kaɗai ta isa ta ɓata jawabin, ko da mai shi ya ce ya yarda a yi aiki da shi.

Duk ƙasashen nan sun haramta azabtarwa, duk sun yarda ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Inda suka rabu shi ne wanda za a gaskata game da abin da ya faru a ɗakin tambayoyi, ɗakin da alƙali bai shiga ba. Jawabi takarda ce da mutum biyu suka haɗu suka samar, mai tambaya da mai amsa, amma ɗaya ne kawai ake ratayawa da ita.

Abin da ya ba takardar nauyi shi ne, a zuciyar yawancinmu, wanda bai yi laifi ba ba zai taɓa cewa ya yi ba. Alƙalai ma mutane ne, haka suke ji. Tun da gwajin ƙwayar halitta na DNA ya shigo harkar shari'a wannan zato ya sha ƙasa. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta bi shari'o'in mutanen da DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu akwai iƙirarin ƙarya a ciki. Ba dukansu aka daka ba. Wani gajiya ce ta kayar da shi, wani yaro ne, wani yana da raunin hankali, wani kuma ce masa aka yi ya sa hannu ya tafi gida, ya ɗauka in an je kotu gaskiya za ta yi halinta. A wajen mai bincike kuwa, babu hujja mai araha kamar iƙirari: ba ya cin man mota, ba ya buƙatar ɗakin gwaji, ba sai an bi shaidu gida-gida ana lallashi ba.

Amurka ta zaɓi ta kare mutum da gargaɗi. A 1963 'yan sandan Phoenix a jihar Arizona suka kama Ernesto Miranda bisa zargin sace wata budurwa da yi mata fyaɗe. Bayan awa biyu ana tambayoyi ya rubuta iƙirari a kan takardar da tun farko an buga a samanta cewa da son ransa ya yi jawabin, yana sane da dukkan haƙƙoƙinsa. Babu wanda ya gaya masa yana da ikon neman lauya. A 1966 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke hukuncin. Ta ce kafin a yi wa wanda ke tsare tambaya dole a sanar da shi yana da ikon yin shiru, duk abin da ya faɗa za a iya kafa hujja da shi a kansa, yana da ikon samun lauya, in ba shi da hali gwamnati ta ba shi. Shi dai Miranda bai sha ba, an sake shari'ar ba tare da iƙirarin ba, aka sake ɗaure shi.

Gargaɗin ya yi suna har masu kallon finafinan Amurka sun haddace shi, sai dai kariyarsa ba ta kai sunansa ba. Masana da suka bibiyi ofisoshin 'yan sanda sun tarar kusan mutum huɗu cikin biyar suna yafe haƙƙin su ci gaba da magana, kuma marar laifi ya fi saurin yafewa don yana ganin ba shi da abin ɓoyewa. A 2010 kotun ta ƙara rage masa ƙarfi. Wani Van Chester Thompkins a jihar Michigan ya shafe kusan awa uku a gaban 'yan sanda, da ƙyar yake furta kalma. Can sai ɗan sanda ya tambaye shi ko yana roƙon Allah Ya gafarta masa harbin yaron nan da ya yi. Ya ce e. Aka kai wannan "e" ɗin kotu, aka yi masa ɗaurin rai da rai, Kotun Ƙoli kuma ta ce daidai ne: mai son cin moriyar haƙƙin yin shiru sai ya buɗe baki ya faɗa ƙarara cewa shiru zai yi.

Da zarar mutum ya yarda zai yi magana, ƙofar dabara a buɗe take. Tun 1969, a shari'ar Frazier, kotun ta amince da iƙirarin da aka samu bayan an yi wa mutum ƙaryar cewa ɗan'uwansa ya amsa laifi. Ana iya ce maka an ga zanen yatsunka, ko kyamara ta ɗauke ka, alhali babu ko ɗaya. Sai a 2021 jihar Illinois ta zama ta farko da ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan ƙarya. Shari'ar samarin nan biyar na dandalin Central Park a New York ta nuna inda hanyar ke kaiwa. A 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe, aka yi mata dukan kawo wuƙa. Aka kama yara masu shekara 14 zuwa 16, huɗu daga cikinsu suka yi iƙirari a gaban kyamara. Labaransu sun saɓa wa juna, DNA ɗin da aka samu bai dace da na ko ɗayansu ba, amma bidiyon ya rinjayi komai. A 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya aikata, DNA ya gaskata shi, a 2014 birnin ya biya samarin dala miliyan 41. An ɗauki bidiyo kam, sai dai an kunna kyamarar ne bayan an shafe awanni ana tambayoyi babu mai ɗauka. Ƙarshen aikin kawai kotu ta gani.

Mai gabatar da ƙara na Amurka sau da yawa ba ya ma buƙatar a saurari jawabin a zaman shari'a. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a can ciniki ake yi da su: amsa wannan a rage maka, ko ka ja a nema maka mafi tsanani. Iƙirari a cikin fayil shi ke karya wa wanda ake tuhuma ƙarfin tayi. Ga kuma wani rashin daidaito. Abin da ka gaya wa ɗan sanda mai cutar da kai, mai ƙara zai iya gabatar da shi. Wanda ka faɗa mai wanke ka, galibi lauyanka ba zai iya shigar da shi ta bakin ɗan sandan ba, don ji-ta-ji-ta ake ɗaukarsa. Yi wa jami'in gwamnatin tarayya ƙarya kuwa laifi ne mai zaman kansa, ɗaurinsa na iya kai shekara 5. Attajirar nan Martha Stewart da aka ɗaure a 2004, ba cinikin hannun jarin da ake bincike ne ya kai ta kurkuku ba, abin da ta gaya wa masu binciken ne. Shi ya sa nasihar lauyoyin Amurka guda ce ga wanda aka kama: kada ka ce uffan sai na zo. Mu da muke cewa baki shi ke yanka wuya ba za mu yi mamaki ba.

Jamus ta bi ta wata ƙofa dabam, tarihinta ne kuma ya sa. A 1950, shekara biyar bayan faɗuwar gwamnatin Nazi, aka saka sashe na 136a a dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Ya hana duka, gajiyar da mutum, ɗura masa magani, yaudara, da yi masa alkawarin wata fa'ida da doka ba ta tanada ba. Wanda ake tuhuma a Jamus ba a rantsar da shi, don haka in ya yi ƙarya don kare kansa ba a hukunta shi a kanta, matuƙar bai ɗora wa wani laifi ba. Mai gabatar da ƙara kuma doka ta wajabta masa neman hujjar da ke wanke mutum kamar yadda yake neman mai kama shi.

An gwada wannan doka gwaji mai tsanani a 2002. Wani ɗalibin aikin lauya, Magnus Gäfgen, ya sace yaro ɗan shekara 11, ɗan wani mai banki a Frankfurt, ya karɓi kuɗin fansa Yuro miliyan ɗaya. 'Yan sanda suka kama shi, ya ƙi faɗin inda yaron yake. Mataimakin shugaban 'yan sandan birnin, Wolfgang Daschner, yana zaton yaron na raye a kulle a wani wuri, ya ba da umarni a yi wa Gäfgen barazanar azaba mai tsanani. Barazanar kawai ta isa, cikin mintuna ya faɗi wurin. Ashe yaron ya mutu tun ranar da aka sace shi. Daschner da hannunsa ya rubuta abin da ya yi ya saka a fayil. Kotu ta yi watsi da duk iƙirarin da Gäfgen ya yi lokacin bincike, amma ta karɓi gawar da sauran abubuwan da aka gano ta dalilinsa. Ya sake amsa laifi a gaban alƙalai, aka yi masa ɗaurin rai da rai. A 2004 aka sami Daschner shi ma da laifi, ko da yake hukuncin tara ce da aka jingine. Jamusawa da yawa sun tsaya masa, duk mai ɗa kuma ya san dalili. Ni dai ina ganin kotun ta yi daidai da ta ƙi wanke shi. In aka halatta barazana ga ɗan sandan da ya haƙiƙance rai yake ceto, gobe kowane ɗan sanda zai haƙiƙance.

Ingila kuwa abin kunya ne ya gyara ta. A shekarun 1970 aka ɗaure mutane bisa iƙirarin da daga baya ya rushe: samari uku a kisan Maxwell Confait na 1972, mutum huɗu na harin bam na Guildford da aka saki a 1989, mutum shida na Birmingham da suka fito a 1991 bayan shekara 16 a kurkuku. Shari'ar Confait ce ta buɗe hanyar binciken da ya kai ga dokar PACE ta 1984, wadda ta sake fasalin caji ofis ɗin kansa. An ware jami'i na musamman mai kula da wanda ke tsare, wanda ba shi da hannu a binciken, yana rubuta lokacin shigowa, lokacin cin abinci, lokacin barci. Lauya kyauta ne ga kowa, mai kuɗi da talaka. Yaro ko mai raunin hankali ba a yi masa tambaya sai da babba a gefensa. Ana naɗar tambayoyin daga farko zuwa ƙarshe. In mutum ya ce an matsa masa, masu ƙara ne za su tabbatar wa kotu, ba tare da kokwanto ba, cewa ba a yi ba.

Amfanin naɗar ya bayyana a 1992, a ƙarar Stephen Miller, ɗaya daga cikin mutum uku da aka ɗaure kan kisan wata mata a Cardiff. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka saurari kaset ɗin. An yi masa tambayoyi na awa 13, ya musanta laifin fiye da sau 300, 'yan sanda suna yi masa tsawa suna nanata masa abin da suke so ya faɗa, har ya faɗa. Ga lauyansa zaune a ɗakin mafi yawan lokacin, bai tsawata ba. Da takardar jawabi kawai aka kawo, mai ɗauke da sa hannunsa, ga kuma shaidar cewa lauya na wurin, wace kotu za ta yi shakka? Aka sake su, a 2003 DNA ya kai ga ainihin mai kisan. A 1992 ɗin ne kuma aka fara horar da 'yan sandan ƙasar kan salon hira da ake kira PEACE, wanda burinsa tattara bayani a gwada shi da sauran hujjoji, maimakon tatsar iƙirari.

Ba a kyauta Ingila ta ba da wannan ba. Tun dokar 1994, gargaɗinta yana cewa ba dole ka yi magana ba, amma in ka ƙi ambaton wani abu yanzu, ka zo kotu ka dogara da shi, hakan na iya cutar da kariyarka. Ba'amurke zai ce an ci haƙƙin yin shiru da rana tsaka. A ganina cinikin bai yi muni ba: ana neman ka yi magana, amma a ɗakin da lauyanka yake, na'ura na ɗauka, ba a kuma yarda a yi maka ƙarya a kan hujja ba.

Japan tana da tanadi mai kyau a takarda. Sashe na 38 na tsarin mulkinta ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta tilas ko bayan doguwar tsarewa, ya kuma hana a ɗaure mutum da iƙirarinsa kaɗai. Amma doka ta yarda a riƙe mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi, in wa'adin ya cika ana iya sake kama shi da wani zargin a faro lissafi. Lauya ba ya shiga ɗakin tambayoyi. Mai gabatar da ƙara da kansa yake yin tambayoyin bayan 'yan sanda, kuma abin da ake rubutawa ba tambaya da amsa ba ne. Jami'i ne ke tsara labari da yawun wanda ake zargi, "na tashi, na ɗauki wuƙa, na nufi gidan", ya karanta masa, ya ce ya sa hannu. Wanda ya amsa laifi ya nuna nadama yana iya samun beli, ko ma a jingine ƙararsa, domin masu ƙara a can suna da ikon haka kuma suna yawan amfani da shi. Wanda ya musanta yakan ci gaba da zama a tsare. Lauyoyin ƙasar suna kiran wannan shari'ar garkuwa da mutum. Cikin ƙararrakin da suka kai kotu, fiye da kashi 99 cikin 100 ana samun mutum da laifi.

Duniya ta ji labarin tsarin ne lokacin da aka kama Carlos Ghosn, shugaban kamfanin Nissan, a 2018, amma wanda ya fi shan wuyarsa shi ne Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe. A 1966 aka kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Shizuoka, ubangidansa da iyalinsa. Aka yi masa tambayoyi kusan kwana 20, kimanin awa 12 kowace rana, har ya amsa. A kotu ya janye. Masu ƙara suka gabatar da takardun iƙirari 45, alƙalai suka yi watsi da 44 saboda yadda aka same su, suka riƙe guda ɗaya, wadda mai gabatar da ƙara ya ɗauka, suka yanke masa hukuncin kisa a 1968. An sake shi a 2014, aka wanke shi a watan Satumba na 2024 yana da shekara 88, kotu ta ce masu bincike sun ƙirƙiri hujjoji. Tun 2019 doka ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyi, amma a manyan laifuka da wasu keɓaɓɓun bincike kawai, kashi ƙalilan na ƙararraki.

Indiya ta yanke ƙauna daga ɗan sanda gaba ɗaya. Sashe na 25 na dokar shaida ta 1872 ya ce ba a kafa hujja da iƙirarin da aka yi ga ɗan sanda. Mai son amsa laifi sai a kai shi gaban majistare, ya gargaɗe shi, ya gamsu da son ransa ne. James Fitzjames Stephen, Baturen da ya tsara dokar, ya ruwaito abin da wani gogaggen jami'in mulki ya ce game da azabtarwa: lalaci ne ya yi yawa a ciki, don ya fi daɗi mutum ya zauna a inuwa yana shafa wa wani bawan Allah barkono a ido da ya shiga rana neman hujja. Sabuwar dokar shaida da ta fara aiki a watan Yuli na 2024 ta riƙe wannan hani. Amma an bar taga a buɗe. In maganar da mutum ya yi a tsare ta kai ga gano wani abu, wuƙa a rijiya ko kayan sata a rufin ɗaki, wannan yankin maganar yana shiga kotu. Ta wannan tagar bincike ya koma bi, ga shi kuma mutuwa a hannun 'yan sanda ba ta daina ba a ƙasar.

Fiƙihun Malikiyya ya rufe wannan tagar tun da daɗewa. A Mukhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, sata tana tabbata da iƙirari ne in mutum ya yi shi da son ransa. In tilasta shi aka yi ba ta tabbata, ko da ya fito da kayan. Akwai malaman mazhabar da suka sassauta a kan wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɓarna, amma asalin ke nan. A laifin haddi kuma mutum yana da ikon janye iƙirarinsa, haddin ya faɗi, ko da yake haƙƙin mai dukiya ba ya faɗuwa. Wannan yana cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta bayar a watan Satumba na 2003 lokacin da ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal.

A Faransa, da Nijar da ta gaji tsarinta, jawabin caji ofis yana shiga kundin ƙara, kundin ya bi mutum har gaban alƙali, alƙalin ya karanta shi tun kafin ya ga fuskar mai shi. Faransa ba ta bar lauya ya zauna a wurin tambayoyin 'yan sanda ba sai a 2011, bayan matsin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da hukuncin majalisar tsarin mulkinta na 2010. A ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, wata ƙa'ida ta 2014 ta ba lauya ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin kamu. Italiya ta fi su tsanani a doka, jawabin wanda ake zargi ba tare da lauya ba ba ya zama hujjar laifin a shari'a. Duk da haka a 2019 kotun Turai ta sami ƙasar da laifin take haƙƙin Amanda Knox, ɗalibar Amurka da aka yi wa tambayoyi cikin dare a Perugia a 2007, ba lauya, tafintar da aka ba ta kuma ta wuce aikin tafinta.

Najeriya ta gina dokar shaidarta ta 1943 a kan aikin Stephen ɗin nan, amma ba ta ɗauki hanin da ya yi wa 'yan sandan Indiya ba. A nan iƙirarin caji ofis yana shiga kotu, kuma shi kaɗai yana iya ɗaure mutum in alƙali ya gamsu da shi. Duk wanda ya taɓa ganin takardar ya san fasalinta. A sama akwai gargaɗin cewa ba dole mutum ya yi magana ba, da wurin sa hannu. Sai tarihi: sunan uba, gari, makaranta, sana'a. Sai labarin. Mai magana da Hausa yake yi, ɗan sanda mai bincike yana rubutawa da Turanci, a karanta masa ko a ce an karanta, ya dangwala yatsa. In iƙirari ne a kai shi gaban babban jami'i, a tambaye shi ko da son ransa ya yi, ga wanda ya rubuta tsaye a bayansa, kuma ya san ɗakin da zai koma ya kwana.

A kotu, kalmar da ta fito daga bakinsa lokacin da aka miƙa takardar ita ke raba hanya. In ya ce ban yi wannan jawabin ba, za a karɓi takardar, a auna nauyinta a ƙarshe. In ya ce na yi amma duka na sha, sai a dakatar da shari'ar a yi wata 'yar ƙarama a cikinta, masu ƙara su tabbatar ba a tilasta shi ba. A nan rantsuwar ɗan sanda ce da ta fursuna, shekaru bayan tabon ya warke. In ba shi da lauyan da zai yi suka a daidai wannan lokacin, galibi dama ta wuce. In ta bakin tafinta aka ɗauki jawabin, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba ji-ta-ji-ta ne, kuma iƙirarin mutum ba hujja ba ne a kan abokin tuhumarsa sai in shi ma ya amince da shi. Kariya ce ta gaske, ga wanda yake da mai tayar da ita. Akwai kuma wani tarko. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba mutum ikon yin shiru har ya ga lauya, amma mai cewa ba na wurin lokacin da abin ya faru ana so ya faɗa tun a caji ofis, da suna da adireshi, don a bincika. In sai a kotu ya fara faɗa, akan ce daga baya ya shirya ta.

Doka ta yi nisa a 'yan shekarun nan. Legas ta fara a 2007 da tanadin ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, ACJA ta 2015, ta kawo makamancinsa, ta ƙara da jami'in hukumar ba da agajin lauya ko wakilin ƙungiyar farar hula, jihohi suka yi nasu, Kano a 2019. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. An daɗe kotun ɗaukaka ƙara tana saɓa wa kanta kan ko ɗaukar bidiyon dole ne ko zaɓi, har Kotun Ƙoli, a hukunce-hukuncen da ta yanke a 2023 da 2024, ta ce dole ne, iƙirarin da aka ɗauka ba a bi tanadin ba kuma a yi watsi da shi. A takarda, ta wannan fuskar wanda aka kama a Abuja ya fi wanda aka kama a jihohin Amurka da dama kariya.

Batun kuɗin na'ura ba hanzari ba ne yanzu, kowane mai bincike yana da waya a aljihu. Haɗarin shi ne a maimaita abin da aka yi a New York: a gama aikin a ɗakin baya, a wanke wa mutum fuska, a ba shi riga, a zaunar da shi gaban waya na minti biyar ya maimaita abin da aka koya masa, a gefe ga wani lauya da bai taɓa gani ba. Irin wannan bidiyon ya fi takarda cutarwa, domin alƙali zai ga kamar da idonsa ya shaida. Tambayoyin da ya kamata kotu ta riƙa tsare ɗan sanda da su uku ne, kuma littafin caji ofis ya kamata ya amsa su: ƙarfe nawa aka kama shi, ƙarfe nawa aka kunna kyamara, kuma a hannun wa yake tsakanin nan.